Ranar da Mai Agogo Ya Murɗa Makulli

Idan ka tambayi 'yan Ƙungiyar Masu Tsofaffin Motoci yadda aka kafa ta, za su gyara zama su ce maka kishin tarihi ne ya haɗa su. Kada ka yarda, da ni aka kafa ta. Gangara ce ta haɗa mu, kuma sai da muka gama zagin juna a kanta sannan muka tambayi lafiyar iyali. Wanda ya mayar da wannan faɗa ya zama ƙungiya shi ne mijin goggona, wanda kowa ke kira Mai Agogo.

Gajeren mutum ne, mai sanƙo, mai tafiya da sauri kamar kullum ya makara. Shagonsa bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, amma agogon da ke jikin bangon sun haura arba'in, kuma babu guda biyu da suka taɓa yarda da juna a kan ƙarfe nawa. Yana da wani ɗan gilashi da yake maƙalawa a idon dama in zai yi aiki, har idon ya saba, ko ya cire sai ka ga ya fi na hagu buɗewa. Mutum ne da zai kwance agogon hannu, ya baje hanjinsa a kan farin ƙyalle, ya mayar da kowane ɗan ƙarfe mazauninsa ba tare da ko ɗaya ya yi saura ba. Amma shekara talatin da ɗaya motarsa ba ta tashi da makulli.

Na ce motarsa, amma in Goggo tana kusa ba na faɗin haka. Motar ta kakana ce, mahaifin Goggo, ita ta gada, kuma takardun da sunanta suke, suna cikin wata baƙar jaka a ƙarƙashin katifarta. Doguwa ce, koriya, mai zagayayyun fitilu kamar idon wanda aka ba labarin mamaki, kujerar gabanta a haɗe kamar benci. Mai Agogo ya raɗa mata suna 'Yar Gata. Yana goge ta da safe, yana goge ta da yamma, in tsuntsu ya yi mata kashi yini zai yi bai yi wa kowa dariya ba. Goggo kuwa Gwangwani take ce mata.

Kik ɗin motar, wato abin da ke juya inji idan an murɗa makulli, ya mutu tun shekarar da suka yi aure. Duk bakaniken da ya ce a sa sabo, sai Mai Agogo ya buɗe masa babban idon nan ya ce, "Kayan asali ne. Ba za a cusa mata baƙon ƙarfe ina raye ba." Da ma bai matsu ba, domin Allah ya ba shi 'ya'ya shida, su ne kik ɗinsa. Sai dai shi irin wannan kik girma yake yi. Wannan ya tafi karatu, waccan ta yi aure, wancan ya samu aiki a nesa, ƙarfin turi yana ta raguwa, har aka wayi gari ba kowa a bayan motar sai Goggo.

Kullum da safe zai buɗe ƙofar gida, ya shiga ya zauna, ya sa giya ta biyu, ya taka kuloci, ya leƙo ta taga ya ce, "To, uwar yara, a shirye nake." Goggo ta ɗaure gyale a ƙugu ta dafa but, wato bayan motar. Layin gidansu kuwa a shafe yake kamar faranti. Sai sun wuce gida huɗu kafin 'Yar Gata ta yi tari, ta yi atishawa, ta tashi, ta watsa wa Goggo baƙin hayaƙi a fuska a madadin godiya. In tare za su fita, sai ya jira ta a kwana yana taka totur, ta iso tana haki ta shiga.

A bakin aiki kuwa bai da wannan matsala, domin shagonsa yana kan gangara ɗaya tilo da muke da ita a garin, wadda ta taso daga gindin tsohon tankin ruwa ta sauka zuwa gada. Duk mai motar da kik ɗinta ya mutu ya san darajar wannan wuri. Ka juya hancin mota ƙasa, ka sa mata waigi, wato dutsen da ake tokare taya da shi, in za ka tafi ka shure dutsen ka faɗa ciki. Matsalar ita ce gangarar gajeruwa ce. Na sama ne kawai ke samun gudun da zai tashe shi, na tsakiya sai ya haɗa da addu'a, na ƙasa kuwa sai ya nemi jama'a.

Mu huɗu ne muka fara rigima a kan saman. Akwai Mai Agogo. Akwai Mai Burodi, ƙaton mutum mai ƙatuwar motar kai burodi, wanda ke zuwa da sassafe ya jera farantan burodi a gindin tanki wai ya kama wuri. Akwai Hedimasta mai ritaya, wanda ke zuwa da alli ya zana layi a kan kwalta ya rubuta lambar motarsa, har da ja mata layi biyu a ƙasa. Sai ni, mai aski, da akori-kurar da na gada wurin mahaifina, wadda ƙofarta ta hagu da waya ake ɗaure ta.

Wata ranar da yamma Mai Burodi da Hedimasta suka shure waiginsu a lokaci ɗaya, babu wanda ya yarda ya jira wani. Suka gangaro kafaɗa da kafaɗa, kowa ya zuro kai ta taga.

"Malam, ka ja baya, wannan ba aji ba ne!"

"Kai ka ja baya, marar tarbiyya! Da na koyar da kai da ba ka zama haka ba!"

Zagin ya ɗauke musu hankali, babu wanda ya saki kuloci a kan lokaci. Suka isa bakin gada injuna a mace, su biyun. Mai Agogo ya cire gilashin idonsa, ya yafuto ni, muka gangara. Ya dube su ya ce, "Ciwonmu ɗaya, amma kowa yana tari shi kaɗai. Mai Burodi, sauko mu tura Malam. In ya tashi ya bar ta a kunne, ya dawo mu tura ka."

Ranar a bencin ƙofar shagonsa muka sha shayi, rigunanmu sharkaf da gumi. Kafin kofuna su huce an kafa ƙungiya. Mai Agogo ya zama shugaba saboda bencin nasa ne. Hedimasta ya zama sakatare saboda ko ba a naɗa shi ba rubutawa zai yi.

A taro na uku ne Likitan Haƙori ya zo. Motarsa fara ce sol, ta ma girmi 'Yar Gata da shekara biyu, tana sheƙi kamar haƙoran da ke cikin hoton asibitinsa. Ya zo ya faka a gindin tanki, a saman gangara, ya kashe. Ya ce a'a, bai daidaita ba, ya murɗa makulli, ta tashi nan take, ya matsa kamar taku ɗaya, ya sake kashewa. Ya sake cewa bai daidaita ba. Sau uku yana yi mana haka muna kallo. Na ga babban idon Mai Agogo yana rawa.

"Sannunku da hutawa," in ji Likita. "Na ji an kafa ƙungiyar masu tsofaffin motoci, na ce bari in zo a sa sunana."

"Madalla," in ji Mai Agogo. "Sakatare, karanta masa doka ta farko."

Hedimasta ya buɗe littafi ya ce, "Shugaba, ai ba mu da..."

"To rubuta, sannan ka karanta. Duk motar da ke tashi da makulli ba tamu ba ce, mai ita ma ba namu ba ne."

Likita ya yi murmushi, ya ce Allah ya ba mu lafiyar baya, ya murɗa makulli karo na huɗu ya tafi. Da zafin nan muka ƙara dokoki biyu. Ta biyu, in an tashi taro, shugaba ake fara turawa, kuma kowa sai ya sa hannu. Ta uku, maganar ƙungiya ba a kai ta gida. Ni na kawo ta huɗu, cewa kada a riƙa amsa gaisuwar mai gwangwan, wani siririn mutum mai sayen mataccen ƙarfe da ya fara zuwa da amalankensa yana zama a tsallaken titi duk ranar taro, yana ɗaga mana hannu cikin ladabi yana cewa, "Ya ya masu jiki?"

Wata tara muka yi cikin rufin asiri, har muka kai mu tara. Sai gwiwar Goggo ta kumbura.

Ranar da za a kai ta asibiti ma ita ta tura motar. Likitan ƙashi ya latsa gwiwar, ya duba tafin hannunta, ya ce, "Mama, kada ki ji haushi, dako kike yi?" Goggo ta bari sai da suka dawo gida. Ta shiga ɗaki, ta ɗaga katifa, ta fito da baƙar jaka ta ajiye a kan tebur.

"Malam, zauna."

"A zaune nake ai."

"To ƙara zama. Daga yau, ko dai Gwangwani ya tashi da makulli kamar motocin 'ya'yan mutane, ko kuwa ranar da na ga an tura shi, ko da ɗan yatsa ne, ni ce ko wani ne, ranar zan sa hannu a takardun nan in miƙa wa mai gwangwan. Na gaji da a riƙa nuna ni a kasuwa ana cewa ga matar mai motar turi."

"Haba, uwar yara. Motar Baba ce fa."

"Babana dai, ba naka ba. Kuma shi da makulli yake tayar da ita."

Duk wanda ya san Goggo ya san ba ta maimaita magana. Washegari Mai Agogo ya kwance kik ɗin da hannunsa, ya naɗe shi a jarida, ya shiga shago ya rufe ƙofa da rana tsaka. Ya baje shi a kan farin ƙyalle, ya maƙala gilashi. Abin da ya samu wani ɗan sifirin ne, naɗaɗɗiyar waya da ba ta kai tsawon farce ba, ya karye. Ya duba bango, ya sauko da wani tsohon agogo da mai shi bai dawo ɗauka ba, ya ciri irinsa a ciki ya sa. Kafin la'asar ya gama. Shekara talatin da ɗaya Goggo tana shaƙar hayaƙi saboda aikin da bai kai yini ɗaya ba. Ya mayar da agogon bango, a tsaye cak, ƙarfe uku da kwata.

Ni ban san da wannan ba sai bayan mako biyu, ranar da na kai wa Goggo man shafawa da safe. Ina bakin ƙofa na ji wani ƙara da ban taɓa ji ba a gidan: cir-cir, vuuum. Na leƙa. Ga shugaban ƙungiyarmu zaune a 'Yar Gata, hannunsa a kan makulli, Goggo kuma tana kan kujera ta miƙe ƙafa tana shan shayi. Muka haɗa ido da shi. Babban idon ya ƙanƙance har ya yi daidai da na hagu.

"Shigo, ɗan nan, in sauke ka a hanya," in ji shi.

Muna shan kwana ya zayyana min komai, har da maganar baƙar jaka.

Na ce, "Baba, to ai jiya ma mun tura ka."

"Kun tura shugabanku. Laifi ne?"

"In Goggo ta ji fa?"

"Doka ta uku."

"In Mai Burodi ya ji fa?"

"Kai ɗin nan, tun kana ƙarami bakinka ya fi ƙafarka sauri. Ka ji ni da kyau. In na bari suka sani, sun kore ni daga ƙungiyar da aka kafa a bencina. In ta ga ana tura ni, 'Yar Gata ta zama tukwane. Me kake so in yi?"

Na ce zan yi shiru, amma daga ranar bayana ya shiga hutu. In an jeru a bayan motar shugaba, sai in ɗora tafin hannu a hankali kamar mai auna zazzaɓi, in riƙa nishi sama da kowa. Shi kuwa Mai Agogo, maimakon ya ji kunya, sai ya ƙara gishiri. Yana sane yake jinkirta sakin kuloci don kada a yi zargi, ya leƙo ta taga yana cewa, "Ku ƙara ƙarfi mana! Mai Burodi, burodin kake ci ko ledar?" Wata uku muka yi a haka. Da safe motar makulli, da yamma motar turi.

Sai ƙungiya ta cika shekara.

Hedimasta ya ce ba za a yi biki a kan gangara kamar marasa galihu ba. Ya samo mana filin ƙwallon tsohuwar makarantarsa, ya sa aka kafa rumfa, ya ɗauko mai hoto. Tsarin mai sauƙi ne: mu tashi daga gangara a jere, mu zaga gari, mu shiga fili, Hedimasta ya yi jawabin minti goma, mu fita. Babu mai kashe inji. Wannan ba mu rubuta shi a littafi ba, domin ba a rubuta wa mutum cewa kada ya sa hannu a wuta.

Abin da Hedimasta bai gaya wa kowa ba shi ne ya buga katin gayyata ya aika gidajenmu, wai don ya ba mu mamaki. Da aka tuhume shi daga baya da karya doka ta uku, cewa ya yi dokar magana ta hana, shi kuwa rubutu ya aika.

Zagayen gari ya yi kyau. Mutane suna tafi, wasu suna toshe hanci. Muka shiga filin mu tara, 'Yar Gata a gaba. An kwana ana ruwa, ƙasar ta yi laushi, tun daga bakin ƙofa na ji tayoyina suna nutsewa. Muka jeru a tsakiyar fili, injuna suna ruri. Na duba rumfa. Ga Goggo a layin gaba, ta ci ado, baƙar jaka a kan cinyarta. Can a kan katanga ga mai gwangwan yana kaɗa ƙafa, amalankensa a ƙasa. Gefen ragar gola kuma ga Likitan Haƙori ya jingina da farar motarsa, ya zo kallo.

Muka fito muka tsaya kowa a gaban motarsa. Mai hoto ya leƙa ya ɗago, ya sake leƙawa ya ɗago yana tari.

"Ranku ya daɗe, fitilu nake gani, ba na ganin mutane. Hayaƙin nan ya yi yawa. Ko za a ɗan kashe?"

Da wata huɗu baya ne, da Mai Agogo ya ce masa ya ɗauki hayaƙin haka nan, shi ma ɗan ƙungiya ne. Amma wata uku yana tashi da makulli, tsoron fili ya fita daga jikinsa bai sani ba. Ga kuma idon Goggo a kansa, yana son ya nuna isa. Sai kawai ya ɗaga hannu ya ce, "A kashe mana, minti nawa ne!"

Shugaba ya yi magana. Hannaye tara suka zura ta taga.

Shiru ya sauka a filin. Ranar na fara sanin cewa akwai tsuntsaye a makarantar nan. Hedimasta ya dubi ƙasa, ya dubi gabas, ya dubi yamma, ko'ina a shafe. Ya matso ya ce a hankali, "Shugaba... fili ne fa."

A daidai nan mai hoto ya danna. Hoton yana nan a shagon Mai Agogo har yau: maza tara kowa ya zuba wa ƙasa ido, babu mai murmushi sai wani siririn mutum a kan katanga can a kusurwa.

Hedimasta ya karanta jawabinsa, babu wanda ya ji, har shi. Da ya gama, Mai Burodi ya naɗe hannun riga ya ce, "To, abin da ya faru ya faru. Doka ta biyu. Shugaba, shiga mu fara da kai."

Mai Agogo ya shiga kamar wanda za a cire wa haƙori. Maza bakwai suka nufi bayan 'Yar Gata. Ni kuwa na durƙusa ina ɗaure igiyar takalmi, alhali silifa ne a ƙafata. Ta ƙasan ido na ga Goggo ta miƙe, ta zuge jaka, ta zaro takardu da biro. Mai gwangwan ya diro daga katanga yana karkaɗe wando.

Tafin Mai Burodi saura ƙiris ya sauka a kan but, sai muka ji tsawa daga cikin mota.

"Kada wanda ya taɓa ta!"

Hannaye goma sha huɗu suka tsaya a iska.

"Lafiya, Shugaba?" in ji Mai Burodi. "Ai mun wanke hannu."

Mai Agogo ya dubi madubi, ga mutanen da ya tara a bencinsa. Ya dubi gaba, ga Goggo ta cire murfin biro da haƙori. Har na fara jin tausayinsa. Sannan ya miƙa hannu ya buɗe ƙofar ɗaya gefen.

"Uwar yara, zo ki shiga."

Goggo ta taho tana ɗingishi, ba ta sauri, duk filin yana kallonta. Ta zauna, ta ja ƙofa, takardun suna hannunta. Mai Agogo ya rufe ƙaramin idonsa ya murɗa makulli.

Cir-cir, vuuum.

Baƙin hayaƙi ya turnuƙe maza bakwai. Ina kusa da taga, na ga Goggo ta shafa kujerar ta ce, "Ashe haka take yi daga ciki." Ta mayar da murfin biro.

Mai Burodi ya fito daga cikin hayaƙi, ya zagayo ya dafa taga.

"Tun yaushe?"

"Ɗan kwanan nan ne."

"Na ce tun yaushe?"

"Wata uku," in ji Goggo. "Me ya faru?"

"Wata uku! Hajiya, wata uku muna tura mutumin nan kullum da yamma! Har yana tambayata ko leda nake ci!"

Goggo ta juya ta dubi mijinta, ta ɗora yatsa a kan murfin biro. Mai Agogo ya ce da sauri, "Cewa kika yi ranar da kika gani. Kin gani?"

"Ban gani ba," in ji ta. "Amma za mu yi magana a gida."

Mai Burodi ya waiwayo kaina. "Kai kuma, mai aski, tashi daga ɗaure silifa. Shi ya sa nishinka ya fi na kowa amma rigarka ba ta taɓa jiƙewa ba!"

Hedimasta ya buɗe littafi, ya karanta doka ta farko daga farko har ƙarshe. Ya ce da baƙin ciki yake sanar da cewa shugaba ba namu ba ne. Likitan Haƙori ya yi dariya har sai da ya riƙe raga. Mai Agogo ya ce, "Na ji. Ni na yi dokar, ba zan ce ba ta da kyau ba. Allah ya ba da sa'a." Ya sa giya ya ja a hankali ya nufi ƙofa.

Muka koma kan motar Mai Burodi, mu bakwai, wannan karon har da ni da gaske. Muka tura, ƙafafunmu suka yi baya, motar ba ta motsa ba. Muka sake, Hedimasta ya zube a kan gwiwoyinsa cikin taɓo da farin wandonsa, a gaban tsofaffin ɗalibansa. Matanmu suna rumfa suna rufe baki da gyale. Mai gwangwan ya fara zagaya akori-kurata yana ƙwanƙwasa ƙofa da ɗan yatsa yana saurare.

Sai muka ji ƙarar mota tana dawowa da baya. 'Yar Gata ce. Goggo ce ta leƙo ta taga.

"Akwai igiya a but. Wani ya ɗauko, ku daina ba mutane kunya."

Haka Mai Agogo, korarre, ya riƙa jan mu ɗaya bayan ɗaya daga taɓo zuwa kwalta. Goggo ta juya baya ta zuro kai, ita ke ba da umarni. "Giya ta biyu! Kada ka saki kuloci sai na ce! Malam Hedimasta, na ce sai na ce! Yanzu!" Babu wadda ta wuce bugu ɗaya. Shekara talatin da ɗaya tana kallon abin daga baya, ta fi mu duka sanin lokacinsa. Likitan Haƙori ya gaji da dariya, ya ciro tasa igiyar ya ja uku, sai dai ya tabbatar ya kashe motarsa ya tayar tsakanin kowace biyu.

A taron da ya biyo baya, wanda dole a bencin Mai Agogo aka yi shi domin babu wani benci, an yi awa biyu ana hayaniya. Ƙarshe Hedimasta ya ja ɗan layi a ƙarƙashin doka ta farko ya ƙara da jan biro: sai dai guda biyu, saboda fili. Aka dawo da Mai Agogo, aka shigar da Likita. Shugabanci kuwa ya tafi. Mai Burodi aka zaɓa, kuma sai da aka tashi taro muka tuna cewa motarsa ta fi ta kowa nauyi, ga doka ta biyu tana jiranmu. Aka yanke wa Mai Agogo hukuncin fakawa a can ƙasan gangara har abada, aka ba shi muƙamin Mai Igiya. Ni kuma aka ce in riƙa tsayawa a tsakiya lokacin turi, inda kowa zai ga rigata.

Maganar da aka yi a gida ban ji ta ba. Na dai san baƙar jaka ta koma ƙarƙashin katifa, kuma yanzu duk ranar taro Goggo tana zuwa, a kujerar gaba, ba ta sauka sai an kashe, ba a tayarwa sai ta shiga. Mai gwangwan yana nan a tsallaken titi, ya fara furfura, har yanzu yana tambayar masu jiki.

Shekara shida ke nan. Mun kai mu ashirin da uku, har daga wasu garuruwa ake zuwa kallon motocinmu, kuma kullum da yamma muna nan muna tura juna kamar yadda doka ta ce. Sai dai ni mai aski ne, shagona yana kallon na Mai Agogo. Nakan ga ɗan ƙungiya ya zo da rana tsaka, ya waiga dama ya waiga hagu, da wani abu mai nauyi naɗe a jarida a hammatarsa, ya shige a rufe ƙofa. Makon jiya wanda na gani ƙato ne, kuma jaridar tasa duk garin fulawa.

Na shiga bayan ya fita na ce, "Baba, me shugaba ya kawo?"

Ya buɗe min babban idon ya ce, "Ni agogo nake gyarawa, ɗan nan. Je ka yi askinka."

Ban yi musu ba. Na dai ɗaga kai na ƙirga bango kafin in fita. A da agogo ɗaya ne a tsaye, mai ƙarfe uku da kwata. Yanzu goma sha huɗu ne.